Cinikin Takarda da Kwali Tsakanin Ƙasashe: Tambayoyi da Amsoshi Don Masu Saye da Sayarwa a Yamai

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu shagunan kayan makaranta, masu maɗaba'a da masu injin fotokofi a Yamai, musamman idan Satumba ta kama, aka fara shirin komawar yara makaranta, kowa yana son ya san dalilin da ya hana ram ɗin bana tsayawa a farashin bara. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da kanta.

Daga ina takardar da muke amfani da ita a Yamai take zuwa?

Kusan dukkanta daga waje take shigowa, domin Nijar ba ta da masana'antar da take mai da itace ya zama takarda. Wanda ya ɗauki ram a wani shago na Babbar Kasuwa ya juya bayansa zai ga sunan ƙasar da aka yi shi, kuma sunayen ba su cika wuce ƴan kaɗan ba. Double A ta Tailan ce, PaperOne ta Indonesiya, Navigator ta Fotugal, Chamex ta Barazil, Clairefontaine kuwa ta Faransa. Akwai kuma takardu daga Sin da Indiya da Afirka ta Kudu masu sunaye iri-iri.

A duniya baki ɗaya ana yin takarda da kwali kimanin tan miliyan 400 a shekara, kuma fiye da rabin wannan adadi na ƙunshe kaya ne, ba na rubutu ba. Sin ce kan gaba wajen yawan abin da ake sarrafawa, Amurka na biye da ita, sannan ƙasashe irin su Japan da Jamus da Indiya. Sai dai mai yawan yi ba lalle ne ya zama mai yawan sayarwa ba, tun da Sin da Amurka suna cinye mafi yawan nasu a gida. Finlan da Suwidin, waɗanda mutanensu ba su da yawa amma dazuzzukansu suna da faɗi, suna fitar da kaso mafi tsoka na abin da suka yi.

Me ake nufi da ƙullun takarda, kuma me ya sa ake cinikinsa dabam?

Kafin a sami takarda sai an daddatsa itace, an dafa shi da sinadarai ko an niƙa shi da inji, har zarensa ya rabu da ƙaron da ya haɗe shi. Wannan zare da aka wanke shi ne ƙullun takarda. Ana iya zuba shi kai tsaye a injin da ke shimfiɗa takarda, ana kuma iya busar da shi a ɗaure shi damma-damma a sayar wa wata ƙasa. Saboda haka ne ram ɗin da aka rubuta masa sunan wata ƙasa yake iya zama itacensa ya tsiro ne a wata nahiya dabam. Sin ita ce babbar mai sayen ƙullu a duniya, Barazil kuma ita ce babbar mai sayarwa, tare da Kanada, Amurka, Indonesiya, Cile, Uruguwai, Finlan da Suwidin.

Ƙullun iri biyu ne. Itatuwan ƙasashe masu sanyi suna ba da dogon zare, wanda yake sa takarda ƙarfi, shi ya sa ake neman sa wajen yin buhu da kwali. Itacen turare, wanda muke gani a nan ana dasawa a bakin fadamu, da ire-irensa suna ba da gajeren zare mai sa takarda santsi, kuma shi ne akasarin abin da ke cikin takardar fotokofi. Abin da ya ba Barazil galaba shi ne lokaci: itacen turare yana isa sara a can cikin shekara 7, alhali itacen Finlan yana bukatar shekara 60 ko fiye.

Me zai hana Nijar ta yi tata takardar, ko mu dogara da ta Najeriya?

Masana'antar ƙullu tana bukatar abubuwa huɗu a lokaci guda: daji mai faɗi da ake sarewa ana sake dasawa, ruwa mai yawa da ba ya yankewa, wutar lantarki tsayayya, da jari mai nauyi. Wadda kamfanin UPM na Finlan ya buɗe a Uruguwai a 2023 tana iya fitar da tan miliyan 2.1 a shekara, kuma aikin gaba ɗayansa ya ci sama da dalar Amurka biliyan 3. Ƙasar da take kokawa da hamada, take kuma neman itacen girki, ba ta nan za ta fara ba.

Najeriya ta gwada. Ta gina masana'antu uku, na Jebba a jihar Kwara, na Oku Iboku a Akwa Ibom wanda aka yi don takardar jarida, da na Iwopin a jihar Ogun, amma zuwa shekarun 1990 duk sun durƙushe, saboda dogaro da ƙullu mai dogon zare daga waje, ƙarancin kuɗin musaya da rashin kayan gyara. Yau Najeriya ma mafi yawan takardar rubutunta sayowa take yi. Abin da ya fi dacewa da ƙarfinmu shi ne mataki na biyu: a shigo da takarda a naɗe manya-manya, a yanka ta ram-ram a nan, a ɗinka kaye, a yi kwali, a kuma sarrafa tsohuwar takarda, kamar yadda za a gani nan gaba a amsar da ta shafi tsofaffin kwalaye.

A wurin duwan, ana ɗaukar takarda da kwali da littafi abu ɗaya ne?

A'a. Hukumomin duwan na duniya suna aiki da tsarin lambobi guda wanda Ƙungiyar Duwan ta Duniya da ke Burasel take kula da shi tun 1988, kuma a cikinsa babi na 47 na ƙullu ne da tsohuwar takarda, babi na 48 na takarda da kwali, babi na 49 kuma na abin da aka riga aka buga, kamar littattafai da jaridu. A cikin babi na 48, lamba 4801 ta takardar jarida ce, 4802 ta takardar rubutu da fotokofi, 4804 ta jar takarda mai ƙarfi da ake buhu da ita, 4810 ta takarda mai sheƙi da masu maɗaba'a ke buga kalanda da katin biki a kanta, 4818 ta takardar goge hannu da ta bayan gida, 4819 ta kwalayen da aka riga aka haɗa, 4820 kuma ta kaye da rajista.

Wannan ba ilimin ado ba ne. Lambar da aka rubuta wa kayanka ita ce take yanke yawan kuɗin da za ka biya, kuma kuskure a cikinta yana jawo tara ko tsare kaya. Kaye da littafin karatu a jaka ɗaya yaro yake sa su, amma a idon duwan na farko yana babi na 48, na biyu yana babi na 49.

Me giram 80 da giram 70 da ake rubutawa a jikin ram suke nufi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowane mai sayen takarda ya fara da ita, domin masana'anta da tan take sayarwa, jirgi da mota da nauyi suke ɗauka, kai kuwa da ram kake sayarwa a shago. Wanda bai iya mai da ram zuwa kilo ba zai daɗe yana ciniki a cikin duhu.

Adadin yana nufin nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar. Girman A0 murabba'in mita ɗaya ne. Idan aka yi ta raba shi biyu har sau huɗu sai a sami A4, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, wato kashi ɗaya cikin 16 na A0. Ke nan falle ɗaya na mai giram 80 nauyinsa giram 5 ne, ram mai falle 500 kilo 2.5, kwali mai ram 5 kilo 12.5, tan ɗaya kuma ram 400. Idan mai giram 70 ce, ram ɗin bai kai kilo 2.2 ba, kuma tan ɗaya yana ba da ram kusan 457. Saboda haka idan aka rage maka kaɗan a kan mai giram 70 aka ce an yi maka sauƙi, ka tuna cewa takardar da ke ciki ta ragu da kashi ɗaya cikin takwas. In ragin bai kai haka ba, ba a yi maka komai ba.

Lissafin yana kuma tona asirin algus. Na taɓa tsayawa a wani shagon fotokofi kusa da jami'a, mai shagon yana ƙorafin cewa ram ɗin da ya sayo da araha yana ƙarewa da wuri. Muka ɗauki guda wanda ba a buɗe ba, muka kai wa mai sayar da shinkafa na gefensa ya aza a sikeli, sai allurar ta tsaya nesa da kilo biyu da rabi, ga kuma giram 80 an rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ko fallayen ba su cika 500 ba, ko takardar ba ta kai nauyin da aka faɗa ba. Ram na gaskiya mai giram 80 kaurinsa kusan santimita 5 ne, kuma sikeli ba ya jin kunyar kowa.

Ta wace hanya kayan suke bi kafin su iso Yamai?

Takardar da ta taso daga Indonesiya ko Tailan tana yin sama da wata guda a teku kafin ta sauka a gaɓar Afirka ta Yamma, sau da yawa bayan an sauya mata jirgi a hanya. Shekaru da dama tashar Kwatano ce babbar ƙofar Nijar: daga can mota ta bi ta Faraku zuwa Malanbil, ta haye gada zuwa Gaya, ta wuce Dosso ta shigo Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO aka rufe wannan iyaka, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Nijar ta bar ɓangarenta na gadar a rufe. Sai kaya suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, abin da ya ƙara tsawon hanya, ya kuma ƙara kwanakin jira, tun da mota ba ta tashi sai ayari ya haɗu.

Irin wannan sauyi ya fi yi wa takarda illa fiye da kaya da yawa, domin kaya ce mai nauyi marar tsada. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin tan 20, wato ram 8,000 na mai giram 80. Ga kuma dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta 2005 da ta iyakance nauyin da babbar mota za ta aza wa titi. Kwantenar wayoyin salula tana iya shanye ƙarin kuɗin mota ba a ji ba, amma a kan takarda kowace jika da aka ƙara sai ta bayyana a farashin ram. Mai shago a Tawa yana da ƙarin tafiyar kimanin kilomita 550 daga Yamai, ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni.

Wannan ciniki sabon abu ne a ƙasarmu?

Ya girmi mota da jirgin ƙasa. A ƙarni na 19 malaman Sakkwato da Kano da Agadas suna rubuta littattafansu ne a kan takardar da aka yi a arewacin Italiya, mai alamar jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga falle ga haske. Jirgin ruwa yake kai ta Tarabulus, raƙuma su ratso hamada da ita ta Gadamas da Gat da Abzin. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar da ita a kasuwa. Ita kanta kalmar takarda ta hannun Abzinawa ta shigo Hausa. A lokacin ma tsadar hanya ce ta sa almajiri yake karatu a allo, a wanke a sake rubutawa, a bar takarda ga abin da ake son ya daɗe.

Me ya sa farashin ram yake tashi ko da ba a ji an ƙara haraji ba?

Farashin da kake gani a shago tarin farashi ne guda biyar: na ƙullu, na wuta da iskar gas da masana'anta ta ƙona wajen busar da takarda, na jirgin ruwa, na motar da ta taso daga gaɓa, da na musayar kuɗi. Kowanne yana iya motsawa shi kaɗai. A 2021 kuɗin ɗaukar kwantena daga Asiya ya ninka sau da dama saboda cunkoson da annobar korona ta haifar. A 2022 ma'aikatan UPM a Finlan suka yi yajin aiki daga farkon Janairu har cikin Afrilu, a daidai lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin makamashi a Turai, har wasu masana'antu suka tsai da injinansu na ɗan lokaci. Akwai kuma sauyi mai tafiya a hankali: saboda jaridu da mujallu suna raguwa a Turai da Amurka, masana'antu da yawa sun rufe injinan takardar bugu ko sun mai da su na kwali, don haka masu sayar da ita suna raguwa.

Batun kuɗi ya cancanci a tsaya a kansa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka wanda ya sayo daga Fotugal ko Faransa da yuro ya san abin da zai biya. Ƙullu da takardar Asiya da Barazil kuwa da dalar Amurka ake yi musu farashi, kuma duk lokacin da dala ta yi ƙarfi a kan yuro, ram ɗin Indonesiya yana tsada a Yamai ko da masana'antar ba ta ƙara ko sisi ba. Bayan waɗancan biyar akwai abu na shida, shi ne lokaci: kowa yana son kayansa su iso kafin Oktoba, kuma wanda ya yi oda a Yuli ya riga ya makara.

Nawa ake biya a duwan, kuma ficewar Nijar daga CEDEAO ta canza wani abu?

Tsarin harajin bai ɗaya na CEDEAO da aka fara aiki da shi a yankin a Janairun 2015 yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Hikimarsa ita ce ɗanyen kaya da kayan da za a sake sarrafawa su biya kaɗan, wanda aka gama shi ya biya da yawa, don a ƙarfafa sana'ar gida. Ke nan takarda a naɗe da za a yanka a nan ba matakinsu ɗaya ba da kwali ko ambulan da aka gama a waje, littafin karatu kuma yana cikin kayan da aka sauƙaƙa wa. Ana lissafin harajin ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, sannan a aza ƙananan kuɗaɗe irin na ƙididdiga da na ƙungiyoyin yanki, a ƙarshe a aza harajin TVA na kashi 19 a kan jimillar. Wannan yana nufin idan kuɗin jirgi ya tashi, harajin ma tashi yake yi.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga CEDEAO a 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, amma Nijar tana nan cikin UEMOA, kuma kuɗinta bai canza ba. A Maris na 2025 ƙasashen uku, a ƙarƙashin ƙawancensu na AES, suka amince da wani haraji na kashi 0.5 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Da yake dokar kasafin kuɗi tana taɓa waɗannan abubuwa kusan kowace shekara, ka sa wakilinka na duwan ya rubuta maka lissafin a kan ainihin lambar kayanka kafin ka biya mai sayarwa; duba amsar da ta gabata kan lambobin babi na 48.

Waɗanne takardu ake bukata, kuma me FOB da CIF suke nufi?

Mai shigo da kaya yana bukatar rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, takardar farashi daga mai sayarwa, jerin abin da ke cikin kwantena, takardar lodin jirgi wadda ita ce shaidar mallakar kayan, takardar asalin kaya, da takardar bin sawun kaya da CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, take kula da ita. Idan kuɗin ya kai wani mizani sai an bi da cinikin ta banki, bisa ƙa'idar musayar kuɗi ta UEMOA. A tashar ruwa ana shigar da kayan a matsayin masu wucewa zuwa Nijar, a biya harajinsu a nan gida.

FOB da CIF suna cikin ƙa'idojin da Majalisar Ƴan Kasuwa ta Duniya take fitarwa, na baya-bayan nan a 2020. A FOB mai sayarwa yana aza kaya a jirgi a tashar ƙasarsa, daga nan kuɗin jirgi da inshora naka ne. A CIF shi yake biyan jirgi da inshora har tashar da aka ambata. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ko a CIF ɗin, haɗarin kaya yana komawa wuyan mai saye tun daga lokacin da aka yi lodi, kuma "CIF Lome" a Lome yake ƙarewa: sauke kaya, kuɗin jinkirin mai da kwantena, mota da duwan duk suna gabanka.

Ya fi riba in yi odar kwantena da kaina, ko in saya wurin manyan ƴan kasuwa?

Ga mafi yawan masu shago, saye a hannun babban ɗan kasuwa ya fi. Ram 8,000 kaya ne da ƙaramin shago zai daɗe bai sayar ba, kuɗin kuma yana ɗaure tun daga ranar biya har wata uku ko huɗu kafin a fara ganin ko dala. Odar kai tsaye tana da ma'ana ga maɗaba'ar da ta san yawan abin da take ci a shekara, ko wadda take son girma na musamman kamar santimita 65 da 92 ko 70 da 100, ko kuma ga mutum huɗu ko biyar da suka amince da juna suka haɗa kuɗi, da sharaɗin a rubuta rabon kowa da rabon asara tun kafin kaya su taso.

Ƴan kasuwar Tawa suna da wata ƙofa, ita ce ta Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato da Kano. Lokacin da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, kayan Najeriya sun yi sauƙi ga mai riƙe da sefa, amma tun da takardar can ma da dala aka sayo ta, sauƙin ba ya wuce ƙarewar tsohon kaya. Wannan iyaka ma ta taɓa zama a rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Na ga tallan takardar A4 a intanet da rabin farashi. In saya?

Kada ka saya. Takardar A4 tana cikin kayan da ƴan damfara suka fi fakewa da su: su buɗe shafi da hoton ram na sanannen kamfani, su aiko da takardar farashi mai hatimi, su nemi wani kaso na kuɗin a gaba, daga nan waya ta daina shiga. Ma'aunin gane su yana cikin amsar da ta yi bayanin giram: ka ninka farashin ram da 400, ka sami farashin tan, idan ya yi ƙasa da farashin ƙullun da ake yin takardar da shi, to babu takarda a wurin. Manyan kamfanoni suna da wakilan da suka amince da su, kuma ana iya tambayar kamfanin kai tsaye. A ciniki na farko, a bi ta banki yadda ba za a saki kuɗi ba sai an gabatar da takardar lodin jirgi.

Me alamun FSC da PEFC da ke jikin kwali suke nufi, kuma sun shafe mu?

Alamu ne na ƙungiyoyi biyu, ta farko an kafa ta a 1993, ta biyu a 1999, masu shaida cewa itacen ya fito daga dajin da ake kula da shi bisa ƙa'ida. Ba sa nufin takardar ta fi fari ko santsi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da za ta hana shigar da kayan itace da takarda daga filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020, kodayake an ɗage ranar fara aiki da ita. Mai saye a Yamai ya kula da alamar idan yana neman kwangilar buga littattafai ko kawo kayan ofis ga ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, domin wasu suna sa ta cikin sharuɗɗa.

Tsofaffin kwalaye da takardun da muke zubarwa suna da kasuwa a waje?

A duniya suna da babbar kasuwa, har suna da lambarsu ta duwan, 4707. Shekaru da dama Sin ce take sayen mafi yawansu daga Amurka da Turai, ta mai da su sabon kwali. A farkon 2018 ta hana shigo da waɗanda ba a tace ba, daga 1 ga Janairun 2021 kuma ta rufe ƙofa gaba ɗaya, sai cinikin ya karkata zuwa Indiya da Indonesiya da Biyetnam da Malesiya. Amma ga mai tara kwali a Yamai, kuɗin kai tan ɗaya bakin teku yana iya cinye darajarsa, don haka kasuwarsa ta kusa ce.

Kuma dama ba a barin sa ya lalace. A kasuwar Katako ana sayar da kwali don sake zuba kaya, mai kilishi yana naɗe nasa a jar takarda, mai ƙosai da mai tsire suna amfani da tsohuwar jarida, duk da cewa tawadar bugu ba ta dace da abinci mai zafi da maiƙo ba. Dokar 2014 da ta hana ledoji marasa kauri ta buɗe wa jakar takarda hanya. Faifan ƙwai da ake yi da jiƙaƙƙen kwali yana cikin abin da ƙaramin inji yake iya yi, ga kuma masu kiwon kaji a kewayen birni suna bukatarsa.

Kasuwar bai ɗaya ta Afirka za ta sauƙaƙa farashi?

An sa hannu kan yarjejeniyar a Kigali a Maris na 2018, aka ƙaddamar da matakin aiwatar da ita a nan Yamai a 7 ga Yulin 2019, ciniki a ƙarƙashinta ya fara a hukumance a Janairun 2021. Amfaninta ga takarda ya tsaya ne a kan wadda aka yi a Afirka, kamar ta Mondi da Sappi a Afirka ta Kudu ko ta Masar, domin sauƙin haraji yana bin asalin kaya. Ram ɗin Indonesiya da aka sauke a Lome bai zama ɗan Togo ba. Ko an cire harajin ma, kuɗin mota yana nan inda yake.

Yaya za a adana takarda a yanayinmu, kuma me za a yi idan ta iso a jiƙe?

Takarda tana fitowa daga masana'anta da ɗan danshi a jikinta, kimanin kashi 5 cikin ɗari, kuma tana shan danshin iska ko ta saki nata gwargwadon inda aka ajiye ta. A lokacin hunturu, da iskar Yamai take bushewa ƙayau, ram ɗin da aka buɗe aka bari bakinsa yana takurewa, fallaye su manne da juna, inji ya riƙa jan biyu-biyu. Da damina kuwa bakin yana kumbura ya yi lanƙwasa. Maganin duka biyun ɗaya ne: kada a yage rigar ram sai za a yi aiki da shi, domin rigar tana da rufin da ke tare danshi. A magaza a aza kwalaye a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a kuma riƙa duba ƙasa saboda gara, wadda takan shiga kwali ta ƙarƙashi ta cinye cikinsa a bar waje lafiya lau.

Idan kwantena ta iso, a duba hatimin ƙofarta a gwada lambarsa da wadda ke takardar lodi kafin a buɗe. In aka ga alamar ruwa, ko rufin ya huda ko gumin kwantena ya ɗiga a kan kwalayen sama, a ɗauki hoto tun kayan suna ciki, a rubuta abin da aka gani a takardar karɓar kaya kafin direba ya tafi, a sanar da mai jirgi da mai inshora a rubuce cikin kwana uku, kuma kada a zubar ko a sayar da abin da ya lalace sai mai binciken inshora ya zo ya gani. A tabbatar kuma tun farko cewa inshorar ta kai har magaza a Yamai ko Tawa, domin wadda take zuwa da CIF sau da yawa a tashar ruwa take tsayawa.